Kunkuru a ƙasar ƙanƙara: yadda ake shirya masa barcin hunturu a waje

Wanda ya tashi a Katsina ko Damagaram ya san kunkuru da jure zafi da ƙishirwa, bai san shi da ƙanƙara ba. Amma 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada da Ingila da Jamus, musamman masu yara, da yawa sun wayi gari da kunkuru ko kififiya a bayan gida, ko dai saye ko kyautar maƙwabci. Lokacin zafi babu matsala. Da an shiga Oktoba sai dabbar ta rage ci, ta fara neman lungu tana tona ƙasa, hankalin mai gida ya tashi: a shigo da ita ciki ne, ko a bar ta a waje ƙanƙara ta rufe ta?

Kunkuru ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar yadda akuya ko kaza ke yi. Zafin jikinsa na wurin da yake ne. Idan sanyi ya sauka, bugun zuciyarsa da numfashinsa da narkewar abinci duk sai su yi ƙasa matuƙa, ya kwanta wata uku ko huɗu yana cin ɗan abin da ya tara a jiki. Wannan halittarsa ce, kuma sanyin kansa ba shi ke kashe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne daskarewa, da ruwan da ya cika masa rami, da ɗumin da bai kai na farkawa ba bai kuma kai na barci ba, da ɓera, da cutar da ya shiga barci da ita. Kowane ɗaya daga cikinsu mai kiwo na iya tare shi tun kafin hunturu.

Mataki na farko: tabbatar da irin kunkurun da kake da shi

Kada ka taɓa shebur sai ka san wannan. Ba kowane kunkuru ke barcin hunturu ba, kuma wanda ba ya yi, idan ka sa shi, kabari ka haƙa masa.

Masu yi su ne na ƙasashen da ke da hunturu na gaske. A Amurka akwai kunkurun akwati, Terrapene, wanda ƙasan ƙoƙonsa ke da wata gaɓa mai lanƙwasawa da yake rufe kansa ruf da ita. Akwai kififiya mai zane, Chrysemys picta, da ake samu har kudancin Kanada, da kififiya mai jan kunne wadda asalinta kwarin kogin Misisifi ne. A Turai an fi kiwon na gaɓar Bahar Rum: Testudo hermanni, da Testudo graeca, da Testudo marginata na ƙasar Girka. Sai wanda ake kira kunkurun Rasha, Testudo horsfieldii, ɗan asalin busassun filayen Uzbekistan da Kazakistan da Afganistan.

Marasa yi su ne na ƙasashen zafi, kuma babbansu namu ne. Ƙaton kunkurun Sahel, Centrochelys sulcata, wanda ke rayuwa daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Chadi har Sudan, shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, kuma ana sayar da jariransa da yawa a shagunan dabbobi a Amurka. Ramin da yake haƙawa a gida don gudun zafin rana da fari ne, jikinsa bai san sanyin ƙanƙara ba. Idan shi ne a gidanka, abin da yake bukata ɗaki ne mai hita wanda ko da dare ba zai sauka ƙasa da kimanin digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba, da abinci duk tsawon hunturu. Haka kunkuru mai rodi-rodin damisa na gabashi da kudancin Afirka, da mai jan ƙafa na Kudancin Amurka, da mai zanen tauraro na Indiya. Har cikin Testudo graeca ma, waɗanda asalinsu wasu sassan Arewacin Afirka ne, kamar na Tunisiya, ba a sa su barcin hunturu. Idan mai shago bai ba ka takarda mai sunan nau'in ba, kai shi wurin likitan dabbobi da ya san masu jan ciki ya faɗa maka.

Daga nan sai tambaya ta biyu: shin irinsa na rayuwa a dajin yankin da kake zaune? Kunkurun akwati na gabashin Amurka yana kaiwa kudancin Michigan da yankin New England. Wanda ke Ohio ko Maryland ko Virginia, ƙasar bayan gidansa za ta iya riƙe shi. Wanda ke Minnesota ko tsakiyar Kanada, inda ƙasa kan daskare ta wuce zurfin mita guda, wani lissafi ne daban. Kunkurun Bahar Rum a Ingila kuma matsalarsa ba tsananin sanyi ba ce kawai, damshi ne da yanayin da ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau digiri 12, jibi ƙasa da sifili.

Mataki na biyu: duba ko ya cancanci barcin bana

Ana wannan binciken ne tun ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da idan an ga wata matsala akwai sauran damar magani.

Ɗauke shi a hannu. Lafiyayyen kunkuru yana da nauyi kamar dutse daidai girmansa. Wanda ka ji shi sakayau bai tara abin da zai kai shi Maris ba. Duba idanu: su kasance a buɗe, garau, babu kumburi. Duba hanci: ko ɗan kumfa ko majina ka gani, an gama magana, bana babu barci. Buɗe bakin a hankali, ka nemi launin ruwan hoda mai tsabta, ba tare da farin abu ko rawaya mai kama da cuku ba, don wannan alamar ruɓewar baki ce. A kunkurun akwati duba gefen kai inda kunne yake, saboda ƙurji na yawan fito musu a nan. Juya shi ka duba ƙoƙon ciki da na baya, ko akwai rauni ko wuri mai laushi ko wari. Ka kai kashinsa asibitin dabbobi a duba tsutsar ciki, idan akwai a ba shi magani da wuri don ya gama fita kafin sanyi. Macen da ake zargin tana riƙe da ƙwai, hoton asibiti ne zai raba gardama.

Dalilin wannan tsanani shi ne, a cikin sanyi garkuwar jikin kunkuru ma kwanciya take yi. Ɗan murar da zai warke daga ita cikin mako biyu a watan Yuli, ita ce za ta zama ciwon huhu a cikin rami.

Ga masu Testudo hermanni da Testudo graeca akwai lissafin da wani likitan dabbobi na Ingila, Oliphant Jackson, ya kafa tushensa. Auna tsawon ƙoƙon a miƙe da santimita, ba a bin lanƙwasar baya. Ninka wannan lamba da kanta sau uku, sai ka raba nauyinsa na giram da abin da ya fito. Mai tsawon santimita 15 zai ba da 3,375, wato 15 sau 15 sau 15. Idan nauyinsa giram 680 ne, amsar ita ce 0.20. Tsakanin 0.19 da 0.21 yana da kyau, 0.17 ko ƙasa da haka bai isa ba. Wannan lissafi na nau'o'in nan biyu ne kaɗai. Kada ka ɗora shi kan kunkurun Rasha ko na akwati, siffar jikinsu daban ce, zai ba ka amsar ƙarya.

Akwai waɗanda ba na goyon bayan a bar su a waje ko da sun yi kama da lafiyayyu: jarirai da 'yan shekara biyu ko uku, wanda aka saya cikin shekarar nan ba a san tarihinsa ba, da wanda ya yi jinya a bana. Waɗannan a riƙe su a ciki da fitilar ɗumi da fitilar da ke ba da hasken rana na UVB, a ci gaba da ciyar da su. Tsallake barcin shekara guda ba ya cutar da kunkuru.

Mataki na uku: wofintar da ciki, cika jiki da ruwa

Abincin da ya rage a hanji lokacin da sanyi ya tsayar da narkewa ruɓewa yake yi, ya tara iska, ya sa wa dabbar guba. Saboda haka ana daina ba shi abinci kafin barci: kimanin mako biyu ga ƙanana da kunkurun akwati, mako uku zuwa huɗu ga manyan na Bahar Rum. A makon farko na wannan azumi yana bukatar sauran ɗumi don abin da ke ciki ya gama wucewa, sannan a bar sanyi ya riƙa sauka a hankali. Wanda ke zaune a waje tun bazara yawanci da kansa yake daina ci idan rana ta gajarta. Naka shi ne kada tausayi ya sa ka bi shi da ayaba ko tumatir, kuma ka kwashe 'ya'yan itacen da suka faɗo cikin shingensa.

Ruwa kuwa akasin haka ne. Kowace rana ko bayan kwana biyu, sa shi cikin roba mai ruwan ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, minti 15 zuwa 20. Zai sha, zai yi kashi. Kunkurun tudu yana ajiye ruwa a mafitsara yana jan sa a hankali duk tsawon barcin, don haka ana so ya shiga da hanji wayam da mafitsara cike. Ranar ƙarshe ka ɗora shi kan sikelin kicin mai nuna giram, ka rubuta nauyin da kwanan wata. Wannan lambar ce za ka riƙa komawa gare ta.

Mataki na huɗu: gina ramin, ga kunkurun tudu

Ka gama wannan aiki tun Satumba ko farkon Oktoba, kafin ƙasa ta yi tauri.

Zaɓen wuri ya fi komai. Nemi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: bayan ruwan sama mai ƙarfi fita ka zaga bayan gida, duk inda ka ga ruwa ya tsaya ko ƙafarka ta nutse, cire shi daga lissafi. Ka nisanci bakin indararo da gindin gangara. Kunkuru da yawa da ake cewa sanyi ya kashe, ruwa ne ya cinye su lokacin da dusar ƙanƙara ta narke a Fabrairu ko Maris, ko kuma ruwan ya shiga ramin ya sake daskarewa. Jikin katanga ko shinge mai tare iska yana da kyau, amma ba inda rana ke dukan sa duk yini ba, domin ranar Janairu mai haske kan ɗumama saman ƙasa ta yaudari dabbar ta taso.

Haƙa rami mai faɗin kimanin mita ɗaya kowane gefe, zurfin santimita 60 zuwa 90. Kafin ka yanke zurfin, bincika iyakar daskarewar ƙasa a garinku. Dokar gini ta kowane gari tana ɗauke da wannan lamba saboda harsashin gidaje. A Chicago inci 42 ne, wato sama da mita kaɗan. A arewacin Minnesota inci 60. Wannan lambar ta ƙasa tsirara ce a hunturu mai tsanani, ƙasar da aka lulluɓe da tulin ganye ba ta daskarewa haka. Duk da haka tana nuna maka irin abin da kake fuskanta, kuma inda ta wuce mita ni ba zan dogara da rami kaɗai ba.

Zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a ƙasan ramin don ruwa ya tsane. Sai ka shimfiɗa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, rabin inci ko ƙasa da haka, a ƙasa da gefuna huɗu, ta fito har saman ƙasa. Ragar kaji ba ta isa ba, ɓera na ratsa ta. Kunkuru mai barci ba ya iya kare kansa, ɓera kan zauna ya ci ƙafafunsa yana raye. A Amurka akwai kuma rakun, dabbar nan mai baƙin zagaye a ido da hannu kamar na mutum, wadda ke iya buɗe murfin da ba a ɗaure ba. Don haka murfin ragar ya kasance da sakata.

Cika ramin da ƙasa mai laushi wadda zai iya nutsewa ciki da kansa: ƙasar lambu da ba a sa mata taki ko maganin ƙwari ba, a gauraya da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi. Idan ƙasarku laka ce mai danƙo, kada ka mayar da ita yadda take, tana riƙe ruwa kuma tana ƙanƙancewa. Damshin da ake so shi ne wanda idan ka dunƙula ƙasar a hannu za ta haɗe amma ruwa ba zai ɗigo ba. Kunkurun akwati ɗan daji ne, busasshiyar ƙasa na ƙarar masa da ruwan jiki. Kunkurun Rasha kuwa ɗan busasshen fili ne, damshi ke jawo masa ruɓewar ƙoƙo da ciwon huhu, don haka nasa wurin sai da rufi a sama, kamar cikin ɗakin gilashin shuke-shuke mai ƙasa a buɗe.

Kafin ka gama cikawa, binne wayar ma'aunin zafi, irin wanda ke nuna mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya auna, a zurfin santimita 20 zuwa 30. Idan da hali sa biyu, ɗaya can ƙasa ɗaya kusa da sama, allon karatun yana waje cikin leda. Wannan ɗan na'ura ba ta da tsada, kuma in babu ita duk abin da kake yi zato ne.

Bar kunkurun ya shiga da kansa. Ba a tura shi cikin rami a rufe. Zai nutse kaɗan, ya fito ranar da aka yi ɗumi, ya sake komawa, sannan yayin da sanyi ke ƙaruwa ya riƙa gangarawa ƙasa. Idan ya yi kwana bakwai zuwa goma bai fito ba, kuma dare ya fara kusantar sifili, sai ka tula busassun ganyaye a kai, tsayin santimita 60 zuwa 90, su wuce bakin ramin ta kowane gefe da aƙalla rabin mita, don sanyi ta gefe ma yake shiga. Ganyen itacen oak ya fi, ba ya saurin dunƙulewa ya zama tabarma. Karan alkama ma yana yi. Harawa tana yin fumfuna, bar ta. A can sama ɗora tamfol ko allon katako a karkace don ruwan sama ya gangare, amma gefuna su zauna a buɗe iska na shiga. Idan dusar ƙanƙara ta sauka a kai, kada ka share, bargo ce ta ƙara masa. Sanyi mai tsanani a kan ƙasa tsirara ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Idan kunkuru ya ƙi shiga, yana zaune a sarari alhali dare na daskarewa, kada ka binne shi da hannunka. Sau da yawa rashin lafiya ce ke hana su. Shigo da shi, a duba shi.

Idan kififiya ce a tafkin bayan gida

Nan sharuɗɗan sun bambanta gaba ɗaya. Ruwa ya fi nauyi a kimanin digiri 4, saboda haka idan saman tafki ya daskare, ruwan ƙasa yana zama kusa da wannan ma'auni. A nan kififiya ke kwanciya. Ba ta hawowa ta shaƙi iska, ɗan oksijin da take bukata yana shiga ta fata da fatar cikin baki da maƙogwaro. Kififiya mai zane ta wuce nan ma: tana iya yin watanni cikin ruwan sanyi da babu oksijin, tana fitar da sinadaran kalsiyam da magnisiyam daga ƙoƙonta suna kashe tsamin da ke taruwa a jininta. Masani Donald Jackson na Jami'ar Brown ya shafe shekaru yana nazarin wannan. Amma ba kowace kififiya ke da wannan baiwa daidai da ita ba, kuma ko ita tana fitowa a galabaice. Ba dalili ba ne na barin tafki ya shaƙe.

Abu uku ake nema. Na farko zurfi: dole a samu ruwa mai yawa a ƙarƙashin ƙanƙara a ranar da ta fi kauri. Inda sanyi ke da sauƙi santimita 60 zuwa 75 na iya isa, inda yake da tsanani sai mita ɗaya ko fiye. Baho ko tankin roba da ke zaune a saman ƙasa ba wurin hunturu ba ne, yana daskarewa ta gefe da ƙasa har ya zama dunƙule guda.

Na biyu tsabta. Kafin sanyi kwashe ganyayen da suka faɗa ciki, ka shimfiɗa raga a saman tafkin lokacin zubar ganye. Ruɓaɓɓen ganye yana cinye oksijin, yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ƙanƙara ta rufe sama babu inda za ta fita. Ɗan laka ko yashi a ƙasa da za ta lafe ciki ba laifi. Daina ciyarwa idan ruwan ya sauka ƙasa da kimanin digiri 12.

Na uku ƙofar iska. Sa na'urar narkar da ƙanƙara mai yawo a saman ruwa, ko ƙaramin famfon iska, don wani ɓangare ya zauna a buɗe. Bakin famfon ya tsaya kusa da sama. Idan ka kai shi can ƙasa zai gauraya ruwan sama mai tsananin sanyi da na ƙasa, ka ɓata abin da ke kare dabbar. Don wannan dalilin ne ake kashe babban famfo mai zubo da ruwa daga sama. Idan wuta ta ɗauke tafkin ya rufe, kada ka fasa da guduma, girgizar na ratsa ruwan. Ɗora tukunyar ruwan zafi a kan ƙanƙarar, ka ɗaura mata igiya, ta narka rami.

Masu kififiya mai jan kunne a Turai su sani cewa tun 2016 Tarayyar Turai ta sa ta cikin baƙin dabbobi masu mamaye muhalli: an hana saye da sayarwa da hayayyafa ta da sakin ta. Wanda ya riga ya mallake ta, tafkinsa sai da shingen da ba za ta haura ba.

Mataki na biyar: tsaro daga Nuwamba zuwa Maris

Ma'aunin da ake nema a inda kunkurun tudu ke kwance shi ne digiri 3 zuwa 7, 5 ne tsakiyar. Sama da 10 jikinsa na farkawa rabi-rabi, yana ƙona abin da ya tara ba ya kuma cin komai, ya rame. Kusa da sifili kuma daskarewa ce. An tabbatar kunkurun akwati na iya tsira ko da wani kaso mai yawa na ruwan jikinsa ya daskare na ɗan lokaci, amma wannan hanyar tsira ce ta ƙarshe, ba abin da mai kiwo zai shirya a kai ba. Na Bahar Rum ba su da wannan juriya. Dare ɗaya na daskarewa kan makantar da su ko ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Duba ma'aunin kowace safiya, lokacin da sanyi ya fi sauka. Idan na sama ya fara nuna 2 kuma hasashen yanayi na cewa akwai ƙari, ƙara ganye, jera buhunan ganye ko daurin karan alkama a kewaye, ɗora tsohon bargo a ƙarƙashin tamfol. Idan na ƙasa ya kai 1 yana ci gaba da sauka, tono shi a hankali da hannu, ba da shebur ba, ka mayar da shi wurin ajiya na biyu.

Wannan wuri na biyu ka tanade shi tun kaka. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya kai kusan digiri 30 ƙasa da sifili a Chicago. A Fabrairun 2021 Texas, inda mutane ke barin dabbobin ƙasashen zafi a waje, ta daskare, miliyoyin gidaje suka rasa wuta kwanaki. Wanda duk shirinsa ya rataya kan soket guda, a irin wannan rana ba shi da komai. Tanadin shi ne akwati biyu, ƙarami cikin babba. Ƙaramin yana da ƙasa da ramukan iska, tsakaninsu a cusa yagaggun takardu ko soson kwali, a ajiye a ɗakin ƙasa ko gareji mai sanyi da ba ya daskarewa, da nasa ma'aunin zafi. A ɗaga shi daga kan siminti, a kare shi daga ɓera, kuma ba a garejin da ake tayar da mota ko janareta ba, hayaƙin na kisa.

Masu kiwo da yawa a Ingila da Jamus sun koma ga firji kacokan, kuma ga kunkurun Bahar Rum a can ina ganin sun fi gaskiya. Firji na daban ake sa wa, ba na abinci ba, saboda ƙwayar salmonela da masu jan ciki ke ɗauke da ita. A gwada shi mako biyu da kwalaben ruwa a ciki har ya tsaya a 5, a riƙa buɗe ƙofar na ɗan lokaci kowace rana don sabuwar iska. Firjin ya zauna a ɗaki mai ɗumi. Wanda aka ajiye a rumfar waje, idan sanyi ya yi tsanani cikinsa ma daskarewa yake yi, domin firji sanyaya abu ya iya, bai iya ɗumamawa ba.

Na cikin akwati ko firji ana auna shi kowane mako ko biyu, cikin sauri, ba ya farkar da shi. Ramar da ake yarda da ita kimanin kashi 1 cikin 100 ne a wata, wato mai giram 700 ya rasa giram 7. Idan ya wuce haka sosai, ko ka ga ya yi fitsari, ko majina a hanci, ko cizon ɓera, a tashe shi, kuma ba a mayar da shi barci a wannan shekarar. Fitsarin nan yana nufin ya zubar da ruwan da zai rayu da shi. Na cikin rami kuwa ba a tono shi don awo, tonon na lalata rufin da ya yi wa kansa. Ma'aunin zafi da duba alamun ruwa ko haƙan ɓera sun wadatar. A akwati ko firji, mako 8 zuwa 12 ya isa ga yawancin na Bahar Rum, matasa ƙasa da haka.

Mataki na shida: farkawa

Ƙarshen hunturu ya fi tsakiyarsa haɗari. Kwana uku na ɗumi a Maris kan sa kunkuru ya taso kusa da sama, sai dare mai daskarewa ya same shi a nan. Kada ka kwashe ganyen gaba ɗaya, rage shi kashi-kashi cikin makonni, ka bar tulin da zai koma ciki. A ranakun ɗumi zaga wurin da yamma. Wanda ka tarar a sarari, ga kuma sanyi na tafe, ka mayar da shi ƙarƙashin ganye ko ka shigo da shi.

Idan ya fito sosai, ruwa ne farko. Wanka cikin ruwan ɗumi-ɗumi kowace rana na mako guda, don ya sha ya fitar da dattin da ƙoda ta tara. Share masa ido da hanci da auduga mai tsabta, auna shi ka gwada da lambar kaka, ka sake duba baki da ƙafafu. Yana bukatar zafi na gaske kafin cikinsa ya fara aiki, wurin shan ɗumi mai kimanin digiri 30. A arewacin Turai ranar Maris ba ta ba da wannan, sai an kunna masa fitila. Wanda aka bar shi a ɗaki mai digiri 15 babu fitila zai zauna ba ci ba barci har ya rame.

Yawancinsu suna sha cikin kwana ɗaya ko biyu, su fara ci cikin mako. Wanda ya kai kwana bakwai da ɗumi da haske bai ci ba, ko bai yi fitsari ba, ko yana tafiya yana zagaye wuri ɗaya, ko yana karo da abubuwa kamar ba ya gani, ko idonsa ya yi fari-fari, a kai shi likita a ranar. Kififiyar da ta hau saman ruwa tana karkata gefe guda, ko ta kasa nutsewa, ko tana buɗe baki tana neman iska, ita ma haka, alamar ciwon huhu ce. Kunkurun da ka tono ka same shi sandare ba motsi, kada ka yi saurin binne shi. Ajiye shi a ɗaki mai matsakaicin ɗumi, ba jikin hita ba, ya ɗumama a hankali na yini guda, kana taɓa ƙafar baya lokaci-lokaci ka ga ko zai ja ta. Idan kana shakka, likitan dabbobi na da na'urar da ke jin bugun zuciya ta cikin ƙoƙo.